Durƙuson Gwaggo Nabasumba

Shekara arba'in Nabasumba tana koya wa amaren garin Kalisizo yadda ake durƙusa wa surukai. Gwiwa biyu su sauka tare, baya a miƙe, a tashi ba a dafa ƙasa ba. Yarinyar da ta dafa kuwa sai ta sha ranƙwashi.

Da ta haura saba'in, gwiwoyinta suka fara yi mata gardama. Sau biyu tana faɗuwa a gonar ayaba, ta ce wa 'ya'yanta santsi ne, alhali rabon garin da ruwa sati uku.

A asibitin unguwa an buɗe wa tsofaffi motsa jiki, Talata da Juma'a, a gindin mangwaro. A tashi daga kujera sau goma, a tsaya da ƙafa ɗaya, a bi layin da aka ja a ƙasa. Maƙwabciyarta Namuswe ba ta fashi, kuma ta yi ta janta su je. Nabasumba ta ce Allah ya sawwaƙe ta tsaya da ƙafa ɗaya 'yan acaɓa suna kallo, har ta laƙaba wa Namuswe suna Zalɓe. Gaskiyar magana, tsoro take ji a ga ta kasa.

Ranar da aka zo neman auren autar ƙaninta, ita ce gwaggo, ita za ta gabatar da ango. Ta fito cikin shuɗin gomesi, doguwar rigar biki ta matan ƙasar, ta durƙusa a tabarma, ta jero gaisuwa har aka tafa mata. Ta zo tashi, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ta sake yunƙurawa, shiru. Matan da ta horar suka sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Sai ga Namuswe ta zo ta durƙusa kusa da ita kamar gaisuwa ce ta kawo ta, ta saƙala mata hannu a ɗamara.

"Jawo ƙafar dama gaba, ki taka sosai, ki ɗan sunkuyo," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Haka malamarmu take cewa."

Suka miƙe tare, baƙi ba su lura da komai ba. Kwana uku Nabasumba ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Ran Talata ta riga kowa zuwa gindin mangwaro, ta zaɓi kujerar can baya. Ashe malamar ba kowa ba ce illa Nansikombi, wadda ta sha ranƙwashinta shekara goma sha biyu da suka wuce. Nansikombi ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙe tsaf ba ta dafa ba, sannan ta matso mata da wata kujera gabanta.

"Gwaggo, nan da dafawa ake farawa. Dafa abinki, ba mai ranƙwashinki."

Nabasumba ta daɗe tana kallon kujerar. Sannan ta sa hannu biyu ta dafa.