Wayar da Badamasi Ya Kyautar

Badamasi manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Kullum da waya biyu yake yawo, don layin da ke kamawa a gari ba ya kamawa a gona. Da zai tafi Umara, ya ba ƙaninsa Auta ɗaya a gaban jama'a, ya ce mai sim biyu zai sayo.

Ya sayo kuwa. Sai da ya dawo mai gyaran waya ya gaya masa ramin na biyu na memori ne, ba na sim ba.

Ya je wajen Auta, amma bakinsa ya yi nauyi.

"Yaya, lafiya?"

"Gaisuwa ce kawai."

Washegari ya tarar da tsohuwar wayar kan injin ban-ruwansa, cike da caji. Har yau bai iya yi wa Auta godiya ba.