Ranar da Na Tare Babbar Tarakta

Wata Laraba a bazarar 1975, ina 'yar shekara tara, ina surfe da Kakata a tsakar gida, muka ji wani ruri daga hanyar Gure wanda ya sa awakinmu suka nemi tsinke igiya. Tarakta ce, ta farko da na taɓa gani, tayarta ta fi Babana tsawo. Ni da nake cika baki a lakwal, wato makarantar boko, cewa ba na tsoron komai, sai ga ni na ɓuya a bayan rumbu.

Tarakta biyu aka kawo don manoma, babba da ƙarama. Kaka ta ce a ɗauki ƙaramar don aikin gonarmu ta cikin kwari: "Ƙasar kwari taushi gare ta, ruwa na kusa, ba ta ɗaukar nauyi." Amma Baba, wanda fari ya kashe masa shanu, ya gaji da tausayin mutane. Babbar yake so, ta tuge kututturan goruba a yini ɗaya, kowa ya gani.

Akwai abin da bai sani ba, don bai daɗe da sayen gonar ba. A gefen kwarin akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da itace, yashi ya binne ta. Mu yara muka gano ta, muna zura tsakuwa ta wata 'yar kafa, mu kasa kunne mu ji faɗuwarta. An hana mu zuwa can saboda macizai, bulalar Baba kuwa ba ta wasa. Tsoro ya rufe mini baki, har ranar aikin, da na ga babbar taraktar ta juya ta nufi wurin, Baba na tsaye a kanta kusa da direba yana nuna masa hanya. Ban san lokacin da na ruga ba. Na tsaya a gabanta ina ta ihun "rijiya". Ta tsaya dab da ni, zafin injin na dukan fuskata. Direban ya sauko ya caka sanda a inda na nuna, ƙasa ta rufta, sandar ta bi ta.

Washegari ƙaramar ta zo, ta yi aikin cikin kwana uku tana kewaye ramin. Na jira bulala, ba ta zo ba. Baba ya dafa kaina kawai.

Yau yashi ya ci rabin kwarin, Baba da Kaka sun rasu, jikokina ko kai ba sa ɗagawa in tarakta ta wuce. Ni kuwa har yanzu ƙasar da take takawa nake fara dubawa.