Rumbun da Ba a Leƙawa

Shekara goma ke nan da muka kai mahaifinmu, Alhaji Ilu Maijakai, makwancinsa a Ƙofa ta ƙasar Kusada. Ya haura tamanin, ya rasu a ɗakinsa, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Na so in rubuta yabo kawai kamar yadda aka saba, amma abin da na tarar a gidanmu makon jiya ya hana ni.

Da jakai ya fara, yana ɗauko gyaɗa da auduga daga Yashe da Kafinsoli zuwa Kankiya inda ake awo. Sunan ya bi shi har bayan da ya sayi babbar mota a farkon 'yancin kai, ya kuma kafa injin niƙa a Kusada. Duk nisan kasuwa, a gida yake cin tuwon dare, mu yara zagaye da akushinsa. Ya riƙe marayun ƙanensa har ya aurar da su, kuma baƙo bai isa ya ware su daga cikinmu ba.

Amma ba motar ba ce abin alfaharinsa. A bayan gida akwai wani babban rumbun ƙasa, rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi don cin yau da gobe. Kowace kaka, kafin a kai ko dami ɗaya kasuwa, Baba zai sa tsani ya hau da kansa, ya fitar da tsohon gero, ya zuba sabo, ya liƙe bakin da laka. Bisa al'adar gandu, mai gida kaɗai ke leƙa rumbu. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa, don kada a san abin da ya rage hankali ya tashi. In abokan ciniki suka zolaye shi cewa mai mota ba ya tsoron yunwa, sai ya ce, "Sulen kuɗi ba ya tuƙuwa a tukunya."

Bai ga farin da ya biyo bayan rasuwarsa ba, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, amma shi ya ciyar da mu a cikinsa. Babban wanmu, Yaya Lawal, wanda ya gaji riƙon gidan, ya fasa lakar, aka ci, maƙwabta suka ci. Da aka samu damina mai kyau, kowa ya gan shi a kan tsani yana sake liƙe bakin rumbun.

Daga nan kuɗin mai suka shigo. Yaya Lawal ya koma ɗan kwangila, yana gina azuzuwa da kwalbatoci. Samarin gidan sun bi aikin gini zuwa Kano da Kaduna, rabin gandu ya koma saura, shinkafar ƙasar waje tana zuwa a buhu. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Ba maƙiyin sabon abu ba ne, ƙila ma da ya riga kowa samun kwangilar. Sai dai ya san da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma na tabbata zai tambaya: ranar da jirgin shinkafa bai zo ba, wa zai noma?

Makon jiya na je gida daga Kaduna. Da hantsi na zauna a inuwar rumbun, na jingina, na ɗan buga jikinsa da hannu kamar yadda muke yi muna yara. Aikina na gidan rediyo ya koya mani sauraro. Cikakken rumbu ba ya amsawa. Wannan ya amsa kamar ganga.

Na sami Yaya Lawal a zaure shi kaɗai. Na ce, "Yaya, rumbun Baba ba kowa a ciki."

Ya dube ni, ya ce, "Leƙawa ka yi, Sada?"

"Ban leƙa ba. Ji na yi."

"To kunnenka ya fi ka rashin kunya." Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Tun bayan farin nan ban zuba komai ba. Na liƙe shi ne don hankalin Inna ya kwanta. Yanzu kasuwa ita ce rumbu. In an shiga matsi, mota ɗaya zan aika Kano."

Ba mugu ba ne, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a hannunsa. Amma ga abin da liƙin nan ya haifar. Ƙannenmu da ke noma sun sayar da geron bara kaf, saboda sun san akwai tsimi. Bana an yi shuka sau biyu, rana ta ƙone ta. Da na shiga gaida Inna, wadda ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta ce, "Kada ka damu da ruwan nan, Sada. Yayanku na riƙe da tsimin Alhaji. Ko mutanen Yashe na ce masu su zo in ta ɓaci."

Na faɗa wa Yaya zan rubuta wannan. Ya ce, "Rubuta mana. Wa ke karanta jarida a Ƙofa?"

Motar Baba ta daɗe da mutuwa, injin niƙan ya koma hannun wasu. Abin da ya rage nasa shi ne amanar da ya dasa, har gida guda da ƙauyukan kewaye suke barci da nutsuwa a kan sunansa. Amanar ta fi geron daɗewa, kuma wannan ne ke ba ni tsoro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sama ta ci gaba da riƙe ruwanta, akwai safiyar da Yaya Lawal zai hau tsani, Inna da mutanen Yashe tsaye a ƙasa da ƙoransu.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya ba mu ruwa.