Ƙofar Yaya Amna da Gidajen da Ba Rufi

Bana shekara bakwai ke nan da aka fitar da gawar yayata Amna ta ƙofar gidanta da ke Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum. Ba rasuwarta zan ba ku labari ba, don ta tafi cikin sutura, a kan gadonta, kafin yaƙin nan ya zo ya watsa mu. Maganar ƙofar zan yi, da abin da ya kusa samunta watannin baya.

Ni da Yaya mun yi jikoki kafin mu shiga ajin yaƙi da jahilci. Ni na koyi karatu don kada a cuce ni a kasuwa. Ita kuwa ba ta san abin da za ta yi da nata ba, sai da 'yarta Nafisa, likita a ƙasar Irlanda, ta haihu, aka kira ta zaman jego.

Labarin da ta fi ba mu, tana yi tana dariyar kanta, shi ne na ranar da surukinta ya fita da su bayan gari. Suka tarar da wani ƙaton gini na dutse, tagogi a hangame, ciyawa a tsakar ɗaki, sama babu rufi. Yaya ta dafe ƙirji. "Wayyo bayin Allah! Gini ya kai nan sannan ƙarfi ya ƙare? Ba su da dangi ne a yi musu gayya a rufa?" A wurinmu ai ma'anar gida ba rufi ke nan: mai shi ya gaza, 'yan uwa kuma sun ji kunya. Surukin ya ce mata wurin ibadar mutanen dā ne, rufin ya faɗi tun kakannin kakanni, kuma da gangan aka bar shi haka, ko tsakuwa ba a yarda ka ɗauka ba. Ta ce masa ita ba ta taɓa jin inda ake gadin kango ba.

Amma abin ya tsaya mata a rai. Ta riƙa tura keken jaririya tana bin tituna, tana tambaya, Nafisa na aro mata littattafai masu hotuna tana fassara mata. Ta dawo gida da baki cike da gine-gine. Dogayen hasumiyoyi na dutse waɗanda ƙofarsu ke can sama, sai da tsani. Fararen ɗakunan ƙauye masu rufin ciyawa da ƙananan tagogi saboda iska. Jerin gidajen jan bulo na birnin Dablin, duk kamarsu ɗaya, amma kowace ƙofa da launinta, da gilashi a samanta kamar buɗaɗɗen mafici.

Ni ce na sha wahalar wannan ilimi. Mu shiga kasuwar Suk al-Arabi sayen mayafi, sai in waiga in gan ta tsaye, kai a sama, tana duban barandar tsofaffin kantuna.

"Yaya, mayafi muka zo saye ko leƙen rufin mutane?"

"Rufe min baki, Hawwa. Tun kina budurwa kike wucewa ta nan kamar akuya. Kin taɓa tambayar wa ya yi miki inuwar da kike tafiya a ciki?"

Ban taɓa ba, gaskiya. Ta ja ni bakin kogi muka ga ragowar ganuwar ƙasa. Ta sa na auna kaurin bangon gidanta da hannuna, bangon jalus, laka kan laka, wanda ke hana zafin rana shiga. Ta nuna mini cewa zaurenta ba irin ginin maƙwabta ba ne, irin na can ƙasar Hausa ne, don kakanmu da ya taho a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a nan, abin da ya sani shi ya gina. Da kowa a layin ya koma ƙofar ƙarfe, ita ta ƙi. Ta sayo koren fenti ta shafe tsohuwar ƙofarta ta icen bagaruwa. Unguwa ta yi ta dariya, ana cewa Hajja ta kawo mana Turai.

Sai yaƙi. Muka gudu da abin da ke jikinmu. Da muka dawo, na bi ta unguwannin Bahri na haye gada, ko'ina gidaje a tsaye, sama a buɗe. Gidan Yaya ma an kwashe kwano, an cire azara. Ƙofar dai tana nan a jingine, ɓarayi ba su ga amfaninta ba.

Na yi ta tambayar kaina me za ta ce da ta ga Khartum haka. Za ta ce a bar kangaye don na baya su gani, kamar mutanen Irlanda? Ban yarda ba. Su nasu kangon ya huce, babu mai kuka a cikinsa. Namu har yanzu akwai takalman yara a tsakar ɗaki. Na san maganar farko ce za ta fito daga bakinta, wadda take yi wa kanta dariya a kai: a yi gayya a rufa.

Ɗanta Usmanu ya zo da shawarar a rushe komai, a yi ginin bulo da siminti, a sa ƙofar ƙarfe. Ba mugu ba ne, yaransa yake tunani, kuma har ya yi magana da masu rusau.

Ya ce mini, "Inna, bango ya tsage. Kuma wannan ƙofar ko yaro ya tura ta faɗi."

"Masu ƙofar ƙarfe fa, ya waladi, ɗana? Ina ƙofofin nasu? Da su aka fara ɗauka."

Na ce masa ni ba na hana shi gyara ba, amma in dai ina numfashi ba za a ce gidan Amna ya rasa dangin da za su rufa shi ba. Ranar nan na ɗaura mayafi na bi gida-gida, har unguwar Mayo na je wurin 'ya'yan kawunmu. Wanda ya kawo mini uzuri na faɗa masa abin da bai so ji ba.

Ba a kan komai na yi nasara ba. Ɗakunan baya sun lalace da gaske, na tsaya ina kallo aka rushe su, har da wanda ta rasu a ciki. Amma zaure da bangon gaba sun tsira. Kafin damina maza suka ɗora azara, mu mata muka kwaɓa laka muka yi yaɓe. Usmanu da kansa ya mayar da ƙofar a mazauninta, ya ƙara mata sakata ta ƙarfe ta ciki don hankalinsa ya kwanta.

Yaya ba ta bar dukiya ba, ba ta kuma rubuta komai ba. Ta dai bar mini ciwon wuya, don yanzu ba na iya wuce tsohon gini ban ɗaga kai ba. Makon jiya na je gidan na tarar da matar Usmanu da gwangwanin koren fenti. Na tura ƙofar, ta yi ƙarar nan tata ta dā, wadda Yaya ke ji daga madafa ta ce, "Hawwa ce, ku ɓoye sukari." Na tsaya a zaure na ɗaga kai. Akwai rufi.

Allah Ya jiƙan Amna, Ya sa ta a inuwar da ba ta yayewa.