Ɗan Fari a Ɗakin Reno

Ranar da aka auna yaran, mu huɗu ne manya a ɗakin: ni, da abokiyar aikina, wata bazawara 'yar Saji mai yawan dariya, da malamar asibiti da ta zo daga Rano da sikeli a jaka, sai matar ɗan ƙanena, wadda ke koyar da 'yan aji biyu a firamaren da ke bayan katangarmu. Yara kuwa sha ɗaya ne, har da nata, ɗan wata biyar.

Ɗakin tsohon ɗakin ajiya ne na makarantar, a nan Kibiya. Bayan dawowar mulkin farar hula, a shekarun da aka fara Shari'a, wata ƙungiyar mata ta roƙa aka ba su shi, aka yi masa daɓen siminti, aka ce matan da ke fita aiki su riƙa ajiye 'ya'yansu. Hukuma ta ɗauki mafi yawan nauyin, iyaye su kawo abin da ya sawwaƙa. Malaman makaranta ne, da masu shara a asibiti, da matan da ke tafiya tsinkar tumatir da rani. Aka ce ana neman dattijuwa mai ido. Aka nuno ni, don an san ba na wasa.

Aikin ya fi ƙarfin shekaruna, amma ban faɗa wa kowa ba. Ɗibar ruwa, damun kunu, wankin tsumma, wannan ya yi kashi, wancan ya ciji ɗan'uwansa. Kafin azahar gwiwoyina sun daina jin magana. Ido dai ina da shi. Na san yaron da aka kawo ba a yi masa wanka ba, na san uwar da ta baro gida da faɗa tun daga yadda take sauke goyo.

Matar ɗan ƙanena ita ce ban taɓa samu da laifi ba. 'Yar Zurgu ce, gidansu gidan tarbiyya. Yaron ɗan fari ne, ni kuma surukarta ce, don haka tana yi min kunya yadda aka saba tun kaka da kakanni. Ba ta faɗar sunansa. Da safe abokiyar aikina take miƙa wa shi, ta kau da kai. In an tashi tara, sauran malamai su shigo da gudu, kowacce ta zube a tabarma ta ɗaga hijabi ta ba ɗanta nono. Ita sai ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya yaran?"

"Lafiya lau suke."

Shi ke nan. Ta ɗan yi wa ɗan wata wasa, ta tashi ta koma aji. Nakan bi ta da kallo in ce a raina, wannan ita ce 'yar mutane. In yaron ya yi kuka sai in ɗura masa ruwa da cokali, ko kunu mai ruwa-ruwa, rabi ya shiga rabi ya dawo. Tun bakwai da rabi na safe har ƙarfe biyu, abin da yake samu ke nan.

Ramarsa kuwa kowa ya gani. Mijinta ya tare ni a zaure ya ce, "Gwaggo, ni dai in yaron nan bai gyaru ba zuwa hutu, ta ajiye aikin ta zauna gida." Na ce haƙori ne, ya yi haƙuri. Na san yadda ta sha wahala kafin ta samu aikin nan, shekara uku tana karatu, kuma da shi take tallafa wa tsohuwarta.

Malamar asibiti ta rataya sikelin a katakon ƙofa, ana sa yara ɗaya bayan ɗaya a cikin wani ɗan wando mai igiya, suna tsala ihu. Da aka zo kansa ta dubi allurar, ta dubi katinsa, ta sake dubawa. Ni ban san karatu ba, amma na ga layin sauran yana hawa, nasa ya kwanta.

"Ina uwar wannan?"

Matar ɗan ƙanena tana durƙushe a bakin ƙofa, kanta a sunkuye.

"Na ce ina uwarsa? Ko daga sama ya faɗo?"

Abokiyar aikina ta nuna ta da haɓa.

"Malama, sau nawa yake sha kafin ki tashi daga makaranta?"

Sai murza bakin hijabi take yi.

"Ba ruwan nono ne?"

Abokiyar aikina ta kwashe da dariya. "Ruwa? Malama, ɗaga hijabin ki ga rigar, sharkaf take kullum. A ina za ta ba shi? Ga Gwaggo nan zaune tsakiyar ɗaki kamar alƙali ranar Litinin."

Na ce, "Ke, ki iya bakinki."

"Na iya shi wata biyu, Gwaggo. Ya gaji da iyuwa."

Malamar asibiti yarinya ce, ba ta kai autata ba, amma ta juyo ta dube ni ido cikin ido. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hajiya, an buɗe ɗakin nan jikin makaranta ne don uwa ta taka ta zo ta shayar. Ɗan wata biyar ba abin da kunu zai yi masa. In aka ci gaba haka, gado za mu ba shi."

Na so in ce mata mu haka aka rene mu, haka muka reni namu. Nawa ɗan farin, ban taɓa ba shi nono gaban uwar mijina ba. Amma sai na tuna ina da ɗaki a lokacin, da asabari a ƙofa, in ya yi kuka in faki ido in shige. Wannan yarinya ɗaki ɗaya gare ta da rabin sa'a, kuma ni ce a cikin ɗakin. Na san wanda ba a yi wa wanka ba, ban ga jiƙaƙƙiyar riga a gabana ba wata biyu. Ko na gani na ɗauka zufa ce, oho.

Aka kaɗa ƙararrawa, uwar yaron ta tashi ta koma aji ba ta dubi kowa ba. Malamar asibiti ta kwance sikelinta ta tafi neman motar Rano. Na zauna da yaron a cinya, wuyansa duk ya yi siriri, yana tsotsar bayan hannunsa. Ranar ko tsumma ban iya wankewa ba, na bar su a bokiti.

Ba zan iya ce mata ta daina kunya ba. Ko na ce ba za ta daina ba, kuma bakina ma ba zai iya faɗa ba.

Washegari da safe na zo da tsohon zanena na ɗaure shi a kusurwar ɗakin, daga ƙusar taga zuwa ta bango, na shimfiɗa tabarma a bayansa. Da aka kusa tashi tara na miƙa wa abokiyar aikina yaron, na tattara masu tafiya da ƙafarsu su biyar, na kora su gindin darbejiyar da ke bayan ɗaki. Na zauna a ƙasa na ba ƙofa baya. Rana ta riga ta yi zafi, tururuwa na hawa ƙafata, yaran suna ta zuba min ƙasa a zane. Ban waiwaya ba sai da aka kaɗa ƙararrawar komawa aji.