Gangar Batir ta Baba Ilu

Ranar wata Laraba, kwana uku bayan ruwan shuka, a shekarar da na gama aji shida na firamare, wani ɗan gwangwan ya tsayar da baronsa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Kwandiko, ya roƙi ruwan sha. Daga ni sai kakana a zauren, ni kaɗai ne mai iya tashi, don haka ni na kawo masa, ina jan ƙafa, rabin ruwan ya zube a hanya. Yana sha ina leƙa tarkacensa: fasassun tukwane, sarƙar keke, mataccen risho, sai can a ƙasa na hango wani ɗan fiyano na wasan yara, ruwan ɗorawa, rabin haƙoransa sun zube. A gefe guda yana da maɓallai biyar, kowanne da zanen ganga a kansa. Mutumin ya ce a bolar birni ya tsinto shi, bai san ko yana da rai ba, kuma shi ƙarfe yake karɓa. Na shiga ɗakin Inna, mahaifiyata, na zaro tsohon ƙarfen ƙafata daga ƙarƙashin gado, wanda ya yi mini kaɗan tun bara. Ya auna shi a hannu, ya dubi ƙafata, kunya ta kama shi, amma dai ya karɓa. Da Inna ta ji, kwana biyu ta yi tana faɗa, wai na ba da ƙafata na karɓo shara.

Tun ina ɗan shekara biyu shan-inna ya taɓa mini ƙafar dama. Ban ce an wulaƙanta ni ba, a'a, mantawa kawai ake yi da ni, kuma wallahi wannan ya fi ciwo. A filin makaranta in an raba 'yan ƙwallo, ni ake tara wa silifa da jakunkuna in yi gadi. In an fara langa kuwa, sai wani mai baki ya ce ai Sule da langarsa aka haife shi, a yi dariya, ni ma in yi, don ko na ɓata rai babu mai lura. Damina ta fi komai tsawo. Da an idar da Asuba mahaifina da yayyena biyu za su saɓa fartanya su kora shanun huɗa, kafin hantsi gari ya yi tsit. Aikina ɓare gyaɗa, korar kaji daga shanya, jiƙa wa awaki dusa, da kore wa kakana ƙuda.

Kakan nawa, Baba Ilu, makaɗin gangar noma ne a zamaninsa. An ce lokacin da ake gayya, ba a sa ranar noma a yankinmu sai an ji ko yana da sarari, har daga Kiyako ake aiko masa da goro. Kowane gwarzon manomi yana da takensa a hannun Baba, wato ɗan kiɗan da yake kiran mutum shi kaɗai. In aka buga, mai shi zai ɗaga garma sama ya yi kirari, ya faɗi gonakin da ya tashi. Ni ban riski wannan ba. Na tashi na tarar gayya ta mutu, ana ɗaukar 'yan ƙwadago ana feshin ciyawa, shi kuma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun hagun ma yatsu ne kawai ke motsi sosai, ba ya iya ɗaga sandar kiɗa. Gangar tana rataye a zaure, ɓeraye sun gama da fatar. Tsoho ne mai tsiya, bakinsa a karkace amma bai fasa tsokana ba. Yakan ce, "Ni da kai in aka haɗa, da ƙyar a samu mutum guda." Ni kuma in ce ai rabina ya fi nasa sabunta. Haka muke wuni mu biyu, babu mai leƙo mu.

Fiyanon batir huɗu yake so, ni kuwa ko ɗaya ba ni da shi. Amma rediyon mahaifina yana da manya guda huɗu, kuma ba ya zuwa gona da shi. A ƙusa yake rataye shi, sai ya dawo bayan La'asar ya kunna labarai. Wannan rediyon ko Inna ba ta taɓa shi. Na jira suka fita, na zare batiran, na jera su a cikin naɗaɗɗen kwali, na ɗaure da roba, na ja waya. Haƙoran ba su ce uffan ba, amma da na danna maɓalli na farko sai na ji "dum", na biyu ya ce "tas". Ina ta dannawa kamar zautacce, sai na lura yatsun Baba Ilu suna bugun tabarma, suna gyara mini kuskure. Na tura masa fiyanon. Ina! Maɓallan sun matsu da juna, ga tauri, yatsansa yana rawa ya danna biyu a tare. Ya ture shi da bayan hannu, ya juya fuska bango, ranar bai ƙara tsokanata ba. A nan na ƙudurta sai na yi masa gangar da taɓawa kawai take so, ko da zan sha duka a kanta.

Na kwance bayan fiyanon da bakin wuƙa, na ga ashe kowane maɓalli hanyoyi biyu kawai yake haɗawa, da sun taɓa juna sauti ya fito. To ai shi ke nan! Na tara gwangwanayen tumatir, na farke su da almakashin Inna, wanda ya jawo mini ranƙwashi biyu masu kyau, na daddale su da dutse, na goge tsatsa da yashi. Kowace ganga fallen gwangwani biyu ne, tsakaninsu zoben soson tsohuwar katifa, a sama in shimfiɗa robar cikin tayar keke, in ɗinke duka a bakin ƙaramar ƙwarya. Waya kuwa daga matattun cajojin yayyena na fige. Wahalar tana wajen liƙi. Ba mu da lantarki, balle abin narka dalma. Ƙusa nake cusawa a garwashi bayan Inna ta sauke ɗumame, in riƙe ta da tsumma, in kankaro dalma daga cikin wani mataccen rediyo da na tono a bola, in ɗiga. Yatsuna duk suka yi bororo. Wata rana ƙusar ta yi zafi da yawa ta ƙone hanyar maɓalli na biyar, sauti ɗaya ya tafi ke nan. Na koma bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi. Lasifikar mataccen rediyon na cusa a bakin tsohon tulu don muryar ta yi kauri. Sai da aka gama noman farko aka shiga maimai sannan na kammala.

Na jera ƙoren huɗu a kan guntun katako, na tura ƙarƙashin hannunsa na hagu. Ya yi musu kallon raini, ya ce tun da yake bai taɓa ganin gangar da ba a yanka mata akuya ba. Ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa, tulu ya ce "dum", ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Daga nan sai ƙorafi: wai ba ta da baki, ko ka lallaɓa ta ko ka make ta murya ɗaya take yi. Na ji haushi na kwashe kayana. Washegari kuwa tun kafin in gama ba awaki dusa yake ƙwala mini kira, yana tambaya ko uban nawa ya fita. Mako biyu ya yi yana koya wa yatsunsa aikin da a da hannu biyu ke yi. Kiɗanmu daga hantsi ne zuwa kafin La'asar, daidai lokacin da babu kowa a gari. Inna takan ɗaga murya daga madafa ta ce mun ishe ta da ƙwas-ƙwas, amma ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Wata Asabar, ƙasa a jiƙe da ruwan jiya, ya ce in ja tulun zuwa bakin zaure in juya bakinsa wajen gonaki, sannan in gyara masa hula. Ya buga wani kiɗa gajere, ya ce taken Mati Dogo ne, ya tsaya ya karkata kunne. Mati ya rasu tun ban yi wayo ba. Ya buga na Jauro Buba, ya sake tsayawa. Ya buga na Tanko, wanda ɗansa ya ɗauke ya mayar Kano. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya jira, babu abin da ke amsawa sai kurciya da wata akuyar maƙwabta. Ni na san sautin tulun nan bai wuce darbejiya ba, kuma na san ko ya wuce babu mai zuwa. Zuciyata ta cika, na ji na tsani garin gaba ɗaya. Na ce masa a hankali mutanen nan fa babu su. Ya harare ni, ya ce, "Na fi ka sani. Ba a dai buga take a ƙi jira."

Daga nan yatsunsa suka shiga yawo a kan robar, yana gwada nan yana gwada can. Sai wani sabon kiɗa ya fito, wanda ban taɓa ji ba, a cikinsa akwai wani bugu da yake zuwa a makare kamar takuna. Ya maimaita, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan naka ne, Sule. Amsa."

Me zan amsa? Ban taɓa riƙe garma ba, ban taɓa tashin ko kunya ɗaya a gona ba. Na ce ya bari sai gobe, zan shirya kirarina. Fiyanon yana da wani jan maɓalli mai ɗaukar kiɗa ya maimaita, na sha wasa da shi, don haka na danna na roƙe shi ya sake. Ya sake, tulu ya maimaita masa tsaf, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe shegiyar tana da kunne. Muna cikin haka na jiyo muryar mahaifina yana kora shanu. Na fizge batiran kamar kullum, na ja ƙafa na mayar da su rediyo, na rataye shi a ƙusarsa.

Da yammar nan ina raba wa awaki harawa ina haɗa kirari: ni ne Sule na Ilu, ban yi huɗa ba amma na tayar da ganga daga bola. Na ƙara, na rage, har ya zauna mini a baki. Da safe suna fita na jera batir na danna maɓallin. Shiru. Na sake dannawa, na lashi bakin waya, na jijjiga tulu, shiru. Ashe abin ba ya riƙe komai sai da wuta a jikinsa, da na zare batiran na share taken da hannuna. Na juya in gaya wa Baba ya yi mini tsiya ya sake bugawa, sai na ga idonsa a kaina, bakinsa yana motsi babu magana, hannun hagun yana kwance a tabarma. Ban san lokacin da na isa madafa ina kiran Inna ba.

Kwana tara ya yi a asibiti a Birnin Kudu, aka dawo da shi ba baki, yatsun ma ba motsi. Inna ta gaya wa mahaifina komai. Sai ya sauko da rediyon da kansa, ya zare batiran ya ajiye a gabana. Daga ranar kullum ina gaban Baba Ilu da ƙorena huɗu, ina lalube. In buga yadda nake zaton ya buga, in dube shi, ya girgiza kai a hankali. Wani lokaci idonsa yakan yi haske a farko, sai in kai tsakiya ya girgiza kai. Na tambayi Inna ko ta riƙe, ta ce ita ƙwas-ƙwas kawai take ji. Haka muka yi har gero ya nuna. Makon da aka fara yanka ya rasu, bai gyaɗa mini kai ko sau ɗaya ba. Wautata ta yaro, na ɗauka ba a amsawa sai an buga taken daidai, na yi ta riƙon kirarin ina jira, alhali kunnensa lafiya lau yake ji. Da na sani, da na buɗe baki kawai na faɗa masa.

Yau ina da ɗan shagon gyaran lasifika da kayan sauti a Birnin Kudu. Masu kiɗan biki suna kawo mini manyan fiyano masu ganguna iri-iri a ciki, har da kalangu, yara kuma ko atishawa aka yi sai sun ɗauka a waya, ba ta ɓacewa. In damina ta yi nisa, aiki ya yi sauƙi, nakan tsinci yatsuna suna bugun teburi, suna neman bugun nan mai zuwa a makare, wataƙila ma na sha dacewa da shi ban sani ba. Kirarin yana nan a bakina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Mai kiran ne babu.