Ƙanƙarar da Muka Lulluɓe wa Dirki

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar Dirki, kuma ban tsammani a duk faɗin Jidda akwai mai tunawa da shi in ba ni ba. Ni ma ban ji a kan kari ba. Wani abokin aikinsa ne ya sauka a tashar jiragen ruwa bayan watanni, ya yi ta cigiyata har ya same ni, ya ce ciwon huhu ya ɗauke shi a garinsu. Na yi salati, na rasa wanda zan yi wa ta'aziyya, na koma bakin aikina.

Dirki mutumin Holan ne, dogo, siriri, fuskarsa kullum ja wur saboda ranarmu. Ya zo Jidda yana saurayi, cikin ma'aikatan jirgin da ke yashe bakin tasha don manyan jirage su samu shiga. Ni kuwa haifaffen nan ne, jikan alhazan da suka taho daga ƙasar Hausa a ƙafa ba su koma ba. Aikina a gidan ƙanƙara yake, ina kai wa jirage da masunta. Kowa in ya karɓi ƙanƙara sauri yake ya ɓoye ta. Shi kaɗai ne zai ɗora tafin hannunsa a kai, har ruwa ya gangaro masa gwiwar hannu. Na ce a raina, wannan Bature zafi ya taɓa masa kai.

Da Larabcinsa na kame-kame da nunin hannu ya fahimtar da ni. A ƙasarsu in sanyi ya kankama rafuka daskarewa suke yi, mutane su ɗaura takalmi mai doguwar wuƙa a ƙarƙashi su yi tseren zamiya. Shi tun yana ƙarami ya fara, ya gagari samarin yankinsu, har ana raɗe-raɗin za a sa shi cikin masu wakiltar ƙasa. Sai mahaifinsa ya kwanta ciwo, gida ya dawo wuyansa, ya biyo jirgi zuwa garin da ruwa ba ya daskarewa sai da inji. An yi masa alkawarin hutu a lokacin sanyi mai zuwa, daidai da tseren da ake zaɓen 'yan wasa. Ya ce in wannan ya wuce shi, halas, wasu yaran sun taso.

Kullum bayan aiki zai shimfiɗa wani katako da ya goge har yana sheƙi, ya sa safa, ya duƙa, hannu a baya, ya dinga sulɓewa dama da hagu. 'Yan dako su kewaye shi suna dariya, suna cewa yau ma Bature ya zubar da allurarsa. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Amma wata rana ya ce min katako katako ne, ƙafarsa ta fara manta ƙanƙara, kuma tsoro yake ji. Daga ranar dariyar ta fita raina.

Na kai maganar wurin shugaban ma'aikatanmu, Baba Haruna, Bahaushen Sudan mai faɗa da baki da taushin zuciya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya waladi, ƙanƙarar sha ce za mu shimfiɗa wa ƙato ya tattaka?" Bai kwana biyu ba shi da kansa ya shawo kan mai gidan. Alhazai ba su fara sauka ba, babban ɗakin sanyi rabinsa wayam. Muka jera dunƙulen ƙanƙara a ƙasa kamar masu daɓe, muka cike tsakaninsu da ruwa, ba mu gaya wa Dirki komai ba. Saura mako guda ya tafi, muna so ya same ta kowace safiya.

To, mu a aikinmu ba a barin ƙanƙara tsirara. Injin ɗakin yakan tsaya ba sallama, kuma abin da aka fara koya wa kowannenmu shi ne ka barbaɗa mata garin katako, ka rufe da buhun algarara. Haka muka yi, da hannu sake, don ta Dirki ce. Ruwan bai gama daskarewa ba, garin katakon ya nutse ciki ya kama tam.

Da na kawo shi muka yaye buhunan, ya tsuguna ya shafa, ya ji ta kamar bayan kada. Ya yi dariya har ya zauna daɓas, sannan na ga hawaye, ban san inda dariyar ta tsaya ba. Sai muka hau kankarewa da ƙarafuna. Da muka gama ya ce a kawo ruwan zafi a kwarara. Baba Haruna ya riƙe kai. "Ruwan zafi a kan ƙanƙara? Wallahi yaron nan majanuni ne! Yalla, ku ɗora tukunya." Ashe haka ake sa ta yi sumul. Kankarewa da jiran daskarewa suka cinye makon, ya rage masa safiya ɗaya tak.

Kwanakin baya jikata Asma'u ta ɗauko ni daga gidanmu na unguwar Safa ta kai ni wani katafaren kanti, wai in ga abin mamaki. Fili ne na ƙanƙara a tsakiyar Jidda, fari tas, yara suna ta zamewa suna faɗuwa, iyayensu na ɗaukar hoto. Ta ce, "Jaddi, shuf, ka taɓa ganin irin haza?" Hausarta ke nan, rabi da rabi. Na tsaya ina tunanin abin da Dirki zai ce. Na san zai fara da ƙorafi, ya ce wuƙaƙen takalman nan gajeru ne, filin kuma duk kusurwa ne. Daga nan ya duƙa wurin yaron da ya fi kowa faɗuwa ya gyara masa gwiwa. Abin da muka yi mako muna wahala a kansa, yau ga shi ana shiga don kashe lokaci. Ban ji haushi ba, kewa ce ta kama ni har na nemi wurin zama.

A waccan safiya ɗaya da ta rage masa a ɗakin sanyi, Dirki ya warware takalmansa daga cikin tsumma mai maiƙo, ya ɗaure, ya hau. Mutumin da muka sani yana tafiya kamar zai karye sai ya zama wani daban. Ya duƙa, ya tura ƙafa, wuƙar ta yi wani siririn sauti, jikinsa ya miƙe kamar ba nauyi. Kafin ya ɗauki gudu bango ya tare shi. Ya juyo, ya sake, bango ya sake tare shi. Haka ya yi ta yi har ya gaji, mu kuma muna rakuɓe a ƙofa, sanyi na cinmu.

Ya tafi, ya yi tseren, ba a zaɓe shi ba. Da ya dawo ya ce min a farko yana gaba, a ƙarshe ƙafa ta ƙi. Bai taɓa cewa da ya samu makon nan cikakke da abin ya canza ba, ni ma ban tambaya ba, ko da yake tambayar ta daɗe tana cina. Ya ƙara shekara tare da mu, ya daina shimfiɗa katakon. Ranar da zai tafi gaba ɗaya ya ce wata rana sai na zo garinsu, in tsaya a bakin rafi mai tsawo in ga yadda ake yi da gaske.

Ban je ba, kuma sunansa bai shiga cikin na zakaru ba. Gidan ƙanƙarar an rushe shi, Baba Haruna da duk waɗanda suka tsaya a ƙofar sun riga mu gidan gaskiya. In an auna abin da ya rage na Dirki a garin nan, bai wuce ɗan abin da wani tsoho ya gani da safe a ɗakin sanyi ba, farkon gudun da ba a ƙarasa ba. Ina kewarsa, kuma ina kewar gudun da ban taɓa gani ba. Shi ya sa in na tuna shi nakan rufe ido in bar shi ya tura ƙafa, sannan in ɗauke masa bangon.